Shuɗin Yatsan Lurwanu

Ku matso kusa. Kai Sabi'u, kife wayar nan, haskenta yana dukan idona. Labarin ma na waya ne, saboda haka kai ya kamata ka fi kowa buɗe kunne.

Kun san Lurwanu mai gyaran injin markaɗe na bakin kasuwa? Wanda ba ya son fitar da hannunsa na dama daga aljihu? To, yau za ku ji dalili.

Su uku ne abokai. Shi, da Ɗanliti tela, da Kamilu ɗan kawunsa, wanda suka tashi gida ɗaya, suka ci a kwano ɗaya. Da an yi la'asar sai su haɗu a bencin ƙofar shagon Ɗanliti, kowa da wayarsa, su shiga wani wasa da ake haɗuwa a yaƙi ƙaton dodo. Wasan ba na mutum ɗaya ba ne. Ɗanliti ke riƙe garkuwa, ya tsaya gaban dodon yana tare duka. Kamilu mai magani ne, yana bin bayansu da ɗan goransa yana warkar da wanda ya ji rauni. Lurwanu shi ne mai takobi.

Wasan yana da doka guda. In ɗayanku ya faɗi, na kusa da shi ne zai ɗaga shi. Ka daina sara, ka ɗora babban yatsa a kansa, ka danne har ya miƙe. Ba wuya. Sai dai duk lokacin da kake dannewar nan, ba ka duka. A can saman fuskar wayar kuwa akwai wata lamba mai nuna yawan dukan da kowa ya yi wa dodon.

Wannan lambar ita ta shiga ran Lurwanu.

Ranar da abin ya faru, sun kusa kayar da dodon da suka daɗe suna fama da shi. Sai Kamilu ya ce, "Yaya, na faɗi. Ga ni nan gindin ƙafarka."

"Ina zuwa," in ji Lurwanu. Yatsansa bai tsaya ba.

"Ɗaga shi mana, malam!" Ɗanliti ya daka masa tsawa. "Garkuwata ta tsage!"

"Na ce ina zuwa."

Bai zo ba. Dodon ya share Ɗanliti, ya juyo ya share Lurwanu. Wasa ya tashi. Sai ga Lurwanu yana juyo musu da wayarsa, baki har kunne.

"Amma dai ku dubi lambata."

"Sai ka kai gida a dafa maka ita," in ji Ɗanliti. "Mun mutu gaba ɗaya, kai kana nuna mana lamba."

"Ku ne ba ku iya ba. Ni nake ɗauke da ku a wasan nan."

Kamilu ba mai yawan magana ba ne. Ya dube shi kawai ya ce, "Yaya, sau nawa na ɗaga ka yau?"

"Ai aikinka ne."

Kamilu ya sa wayarsa a aljihu. Lurwanu ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce zai nemi waɗanda suka san wasa, ya kuma nemi inda sabis ke da ƙarfi.

Kun san tsohuwar marina ta bayan gari. Masu rini sun bar ta tun kafin a haife ku. Rijiyoyin rinin suna nan, wasu ƙasa ta cike su, wasu bakinsu a buɗe. Manya suna hana zama a wurin in rana ta yi ja. Amma samari sun daɗe suna raɗe-raɗin cewa duk garin nan ba inda sabis ke cika kamar can.

Can Lurwanu ya nufa. Shi kaɗai.

Ya isa rana tana gab da faɗuwa. Ya zauna a bakin wata rijiya, ya duba waya. Sabis a cike taf. Daga cikin gari ya jiyo kiran magariba, siriri, kamar daga wata ƙasa. Ya ce a ransa, zagaye ɗaya kawai, sai in tashi.

Sai ya ji wari.

Warin baba, shunin rini. Ɗanye, irin na rijiyar da aka motsa yanzu. Ya leƙa wadda yake zaune a kai. A bushe take, sai busasshen ganye.

"Sannu da hutawa."

Ya ɗago. Mutum ne zaune a bakin rijiyar da ke gefensa. Bai ji tahowarsa ba. Dogo ne, sanye da riga mai shuɗi har ta koma baƙa. Akwai waya a hannunsa, amma ba ta haske.

"Yawwa, sannu," in ji Lurwanu.

"Kai ne mai takobin nan."

Nan Lurwanu ya lura da abu na farko. Bakin mutumin ya motsa, ya rufe, sannan maganar ta iso. Kamar in sabis ya yi rauni, ka ga hoto kafin ka ji murya. Ya ce a ransa duhu ne ke yi masa wasa da ido.

"Ka san ni ne?"

Leɓɓan suka motsa. Shiru. Sannan: "Muna ganin lambarka. Abokanka ne ke ja maka baya."

Maganar ta yi masa daɗi. Ai ita ya fito nema.

"Ku nawa ne?"

"Muna da yawa. Ba mu da mai garkuwa. Ba mu da mai magani. Duka kawai."

"In mutum ya faɗi fa?"

"Ya faɗi."

Wayar Lurwanu ta yi ƙara a hannunsa. Gayyata ce ta shigo. Inda suna ya kamata ya fito, ba komai.

Ya danna.

Wurin da wasan ya kai shi bai taɓa ganinsa ba. Ruwa ne mai shuɗi, har gwiwa. Dodon ba shi da fuska, ba shi da hannu, wani baƙin bango ne kawai yana numfashi. Ga mayaƙa birjik, ba mai suna, ba mai kallon wani. Kowa sara yake. In ɗaya ya faɗi, na bayansa ya taka shi ya matsa gaba, ruwan ya rufe.

Lurwanu ya fara sara. Kai, lambar! Bai taɓa ganin ta hau haka ba. Ya wuce wannan, ya wuce wancan. Kafin ya ankara shi ne na biyu. Lamba ɗaya ce ta rage a samansa.

"Taka ce ta saman?" ya tambayi mutumin.

Shiru. Sannan: "Tawa ce."

Duhu ya sauka sosai. Ba kukan tsuntsu, ba na kwaɗo. Hasken wayarsa kaɗai. A cikin hasken nan idonsa ya sauka ƙasa, ya ga ƙafafun mutumin.

Bakin rijiyar gajere ne. Shi Lurwanu tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake a ƙasa. Mutumin ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Amma ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa. Suna tsaye a iska, kamar tafin hannu guda tsakaninsu da turɓaya. Bakin rigarsa yana ɗiga. Ɗis. Ɗis. Ƙasar wurin a bushe.

Lurwanu ya yunƙura. Ya ce a ransa, tashi. Ya dubi lambar. Saura kaɗan. Ya ce, bari in ƙara kaɗan.

Ya ƙara.

Can ya saci kallon mutumin. Yatsunsa sun daina motsi. Ya ajiye wayar a cinya, ya zuba masa ido.

"Ci gaba," in ji shi. "Ka kusa."

Wannan karon maganar ta fito tare da bakin.

Lurwanu ya sake duban ƙasa. 'Yan yatsun ƙafar mutumin sun taɓa turɓaya. Ya buɗe baki zai ce, malam, lafiya? Bakinsa ya motsa. Ba abin da ya fito. Ya rufe. Sannan ya ji muryarsa ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya nemi ƙasa da tafin ƙafarsa. Bai same ta ba.

"Wanda ya fi kowa duka, shi ke zama a nan," in ji mutumin, a hankali, kamar mai faɗin farashin gero. "Na daɗe ina jiran wanda zai wuce ni."

Ko aljani ne, ko mutum ne da aljanu suka riƙe, Allah kaɗai ya sani. Amma ga abin da ya fi ba Lurwanu tsoro, kuma har yau in ya tuna sai jikinsa ya yi sanyi. Ba wanda ya riƙe masa yatsa. Ba wanda ya ɗaure shi. Ya ji maganar sarai, ya gane ta. Amma idonsa na kan lambar, yatsansa na sara. Shi ne ya kasa bari.

Sai wani ɗan farin abu ya bayyana a gefen fuskar wayar. Mutum ne da gora a rataye. A wasan, in abokinka yana ciki kana iya bin sawunsa.

"Yaya?" Muryar Kamilu ce ta fito daga wayar. "Kana ina? Ba a gan ka a masallaci ba, Inna tana ta cigiya. Na ga kana ciki shi ne na biyo ka. Wane irin wuri ne wannan?"

Lurwanu ya ƙwalla ihu, fita! Bakinsa ne kawai ya wage. Kafin muryar ta iso, baƙin bangon ya numfasa, ɗan farin mutumin ya kife a ruwa.

"Yaya, na faɗi." Sai ya ƙara, "Yaya... hannuna ya yi sanyi. Wayar ta ƙi ajiyuwa."

Ruwan ya fara hawa kan farar rigar.

"Wuce ni tukuna," in ji mutumin. Ya matso. Diddigensa ya kusa sauka. "Saura ƙiris. In ka wuce ni sai ka ɗaga shi."

Lurwanu ya dubi lambar. Gaskiya ne, ƙiris ya rage. Bakinsa ya motsa da kansa, yadda ya saba. Bai ma san abin da ya faɗa ba. Sai da ya rufe, sannan ya ji muryarsa, a cikin duhun, daga waje, kamar wani ne ya yi maganar:

"Ina zuwa."

Bai taɓa jin kalmar nan da kunnen wani ba sai ranar. Ashe haka take. Ashe abin da Kamilu ke ji ke nan kullum yana kwance.

Ya ja yatsan. Kamar mai janye ƙafa daga taɓo. Ya kai shi kan ɗan farin mutumin, ya danne.

Lambar ta tsaya.

"Ɗaga yatsan," in ji mutumin.

Bai ɗaga ba. Fuskar wayar ta yi sanyi kamar ƙanƙara. Ruwa ya fara tsattsafowa ta gefen yatsan, yana gangarowa har wuyan hannunsa. Warin baba ya cika masa hanci. Daga cikin busassun rijiyoyin ya ji motsi, kamar ana juya ruwa da doguwar muciya. Ɗaya. Sai wata. Sai duka.

Mutumin ya miƙe. Tsawonsa ya tare taurari.

Lurwanu ya runtse ido, yana karanto duk abin da ya zo bakinsa, addu'ar tana fita a makare tana bin bayanta. Ya ji numfashi a ƙeyarsa, mai sanyi, mai danshi. Bai ɗaga ba.

"Na tashi!" in ji Kamilu.

Kun san abin da Kamilu ya fara yi? Bai gudu ba. Ya juyo ya kwarara wa mai takobin maganin goransa, yadda ya saba yi kullum ba a gode masa.

Ƙafafun Lurwanu suka bugi ƙasa. Tim.

"Kashe wayar, Kamilu! Kashe!" Muryarsa ta fito tare da bakinsa.

Ya zura da gudu. Bai waiwaya ba. Takalminsa ɗaya ya fita, bai tsaya ba. Ƙaya ta yage masa riga. Ya wuce gonaki, ya wuce kwalbati, har ya hango fitilar mai shayi ta bakin gari. Nan ya tsaya, ya dafa gwiwa yana haki. Ba kowa a bayansa.

Sai maganar ta iso. Daf da kunnensa.

"Saura ƙiris fa."

Ya tarar da Kamilu a ƙofar shago, Ɗanliti yana murza masa hannu da man zafi. Ɗanliti ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga fuskar Lurwanu, ya fasa. Lurwanu ya durƙusa ya riƙe hannun ɗan'uwansa. Kamilu ne ya ce, "Yaya, mene ne wannan a yatsanka?"

Babban yatsansa na dama ya rine. Shuɗi, har cikin farce. An sa sabulu, an sa toka, an sa kalanzir. Malami ya yi masa tofi. Hannun Kamilu ya warke a cikin 'yan kwanaki. Yatsan yana nan yadda yake har gobe.

Suna wasansu har yanzu, jefi-jefi, a bencin nan dai. In kun leƙa wayar Lurwanu za ku ga ya manna baƙin salatif a saman fuskar, daidai inda lambar take. Kuma kafin mutum ya gama cewa na faɗi, shuɗin yatsan nan ya riga ya sauka a kansa.

Marinar kuwa tana nan. Sabis ɗinta a cike. Wancan mai shuɗiyar rigar bai samu wanda ya wuce shi ba, kun ga yana nan yana jira. Kada wanda ya bi hanyar shi kaɗai in rana ta yi ja. Kai kuma Sabi'u, ka ji ni da kyau. Duk ranar da gayyata ta shigo maka ba suna a kanta, kife wayar, ka tashi ka nemi inda mutane suke.