Rijiyar Baba da Kududdufin Bayan Gida

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, gwamnati na raba takin zamani, akwai wata yarinya a unguwar Ƙofar Ƙaura. Babanta ya rasu da damina. Ya bar rijiyar da ya haƙa da hannunsa a tsakar gida, da bishiyar lemun tsami a bakin kududdufin bayan gida.

Kullum in ta taso daga makaranta, gindin bishiyar take zama. A nan Baba yake yanka mata lemo. Amma tun rasuwarsa ganyen ke ta zuba.

Wata rana ta ga ragowar buhun taki a zaure. Ta ce a ranta, "In na juye shi a kududdufi, bishiyar Baba ta sha ta ƙoshi." Ba ta tambayi kowa ba, ta juye.

Ba a daɗe ba gansakuka ta rufe kududdufin, yana ta wari. Can sai ruwan rijiya ya sake ɗanɗano. Inna, mahaifiyarta, ta kurɓa ta tofar.

Ta ce, "Rijiyar nan sai dai a cike ta."

"Inna, ta Baba ce fa." Yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi abin da ta yi.

Inna ta kira maƙwabcinsu Malam Sada, malamin makarantarsu. Bayan sun gaisa, yarinyar ta ce, "Malam, mi ya haɗa kududdufi da rijiya? Ai akwai katanga a tsakani."

Malam ya yi murmushi. "Katanga a sama take, 'yata. Ƙarƙashin ƙasa babu katanga. Takin ya kwanta a cikin laka, ruwa na tsatsowa da shi har rijiyarku. Kada a cike ta, Inna. A jira rani."

Watanni yarinyar na ɗauko ruwa daga famfon bakin titi, wuyanta na ciwo. Da kududdufin ya ƙafe, aka kwashe lakar. Aka zuba kaɗan a gindin bishiyar, aka kai sauran gona. Aka yashe rijiya har sau biyu.

Da damina ta dawo, bishiyar ta yi 'ya'ya. Yarinyar ta jawo ruwa a guga, ta matsa lemo, ta miƙa wa Inna.

Inna ta sha. Sannan ta ce, "Kamar na babanki."

Daga ranar yarinyar ta gane: abin da aka zuba a kududdufi, a randa ake tarar da shi. Kuma ko alheri za ka yi, ka fara tambayar manya.