Hoton Mahaifiyar Goggo Mai Ɗinki

Auta yarinya ce mai son tsabta. Ko cokali ta gani a karkace, sai ta gyara masa zama. Yayyenta har tsokanarta suke yi. Da ta shigo ɗaki sai su ce, "Ku ɓoye takalmanku, ga duba-gari nan!"

Kowace Asabar Auta takan je ofishin ƙungiyar adana tarihin garinsu. Ɗaki ɗaya ne a bayan ɗakin karatu. Akwai dogon tebur da kabad biyu da wata fanka mai ƙara. Wata malama da ta yi ritaya ce ke kula da wurin. Yara na taya ta aiki, ita kuma tana ba su labarin mutanen da.

Wata Asabar Auta ta tarar da wani babban kwali a kan tebur.

"Malama, mene ne a ciki?"

"Hotuna ne," in ji Malama. "Na tsohon mai hoton nan ne da ya rasu bara. 'Ya'yansa ne suka ba ƙungiya. Wasu sun fi shekara sittin."

Suna cikin magana sai ga Goggo mai ɗinki ta yi sallama. Maƙwabciyar su Auta ce, ita ke ɗinka mata kayan makaranta. Ta zauna tana mai da numfashi.

"Malama, na ji an kawo hotuna," in ji Goggo. "Mahaifiyata ta rasu ina da wata huɗu. An ce ta taɓa ɗaukar hoto a wurin mutumin nan, ba ta karɓa ba. Ni dai ban taɓa ganin fuskarta ba. Ga shi har furfura ta cika mini kai."

Malama ta riƙe hannunta. "Ki rubuta mini sunanta. In dai hoton yana cikin kwalin nan, za mu gano shi."

Goggo ta rubuta, ta yi godiya, ta tafi. Tausayinta ya kama Auta ƙwarai.

Jim kaɗan Malama ta ɗauki jakarta. "Zan je wurin kafinta in dawo. Ki share ɗaki, ki goge tagogi. Kwalin nan kuwa ki bar shi sai na zo."

Auta ta share, ta goge. Ta zauna. Ta tashi. Ta leƙa cikin kwalin. Kai, ƙazanta! Kowane hoto yana cikin tsohon ambulan. Wasu sun yi ja, wasu gara ta ci gefensu. Rubutun da ke bayansu duk ya koɗe.

"Haba," in ji Auta a ranta. "Ina Goggo za ta iya buɗe waɗannan ɗaya bayan ɗaya? Bari in shimfiɗa mata su, da ta zo sai ta ɗauki nata."

Ta zare hotunan duka. Ta jera na maza a nan, na mata a can, na yara a tsakiya. Tsofaffin ambulan kuwa ta tattara su ta zuba a kwandon shara. Tebur ya yi kyau, abin sha'awa. Ta tsaya tana jiran yabo.

Da Malama ta shigo, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Auta, ina ambulan ɗin?"

"Na zubar, Malama. Ai duk datti ne."

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta cire tabarau.

"'Yata," in ji ta a hankali, "a bayan kowane ambulan mai hoton ya rubuta sunan mai shi. Yanzu ta yaya za mu san wane ne wane?"

"Ai Goggo za ta gane mahaifiyarta."

"Ta yaya? Ba ki ji ta ce ba ta taɓa ganin fuskarta ba?"

Sai yanzu Auta ta gane. Garin neman gira an rasa ido! Ta ruga ta juye kwandon shara. Suka tsince ambulan ɗin duka. Can sai Malama ta ɗaga wani. Ga sunan mahaifiyar Goggo a rubuce. Amma babu komai a ciki. Hoton yana kan tebur, cikin hotunan mata talatin da biyu.

Auta ta fashe da kuka.

A gida ta kasa cin abinci. Ta faɗa wa Mama duk abin da ya faru.

"Mama, ke ki je ki faɗa wa Goggo mana."

"A'a," in ji Mama. "Ke kika yi, ke za ki faɗa. Amma zan raka ki."

Suka tarar da Goggo a kan keken ɗinki. Auta ta durƙusa, ta miƙa mata ambulan ɗin. Ta faɗi gaskiya. Goggo ta daɗe tana shafa sunan da yatsa.

"Ashe dai da gaske ta ɗauka," in ji Goggo. Ta share ido da gefen mayafi. "Tashi, 'yar nan. Na san don ni kika yi."

Da ma duka Goggo ta yi mata, da ya fi mata sauƙi.

Washegari Auta ta koma wurin Malama. "Don Allah, babu wata hanya?"

"Akwai, amma doguwa ce," in ji Malama. "Abin da takarda ta rasa, mai yiwuwa yana kan tsofaffi. Sai mu bi su gida gida. Za ki iya?"

"Zan iya, Malama."

Haka aka yi. Malama ta sa wa kowane hoto lamba a baya da fensir. Ta koya wa Auta riƙe hoto ta gefe, ba ta tsakiya ba. Auta ta ɗauki littafi da biro. Suka fara zagaya unguwanni.

Tsofaffi kuwa sun ji daɗi. Wani tsohon direba ya ga hotonsa yana saurayi, ya yi ta dariya har da tari.

"Ku dubi gashi!" in ji shi. "Yanzu ko na magani babu."

Wata tsohuwa ta gane yayarta. Wani ya gane malaminsa na firamare. Kowa ya gane nasa, sai ya ƙara da labari. Auta na rubutawa har yatsunta suka yi ciwo. Duk hoton da aka gane, sai su mai da shi cikin ambulan ɗinsa.

Asabar uku suna yawo. Hotunan mata suka rage bakwai. Duk 'yan mata ne, kuma babu wanda ya san su. Auta ta fara karaya.

Sai tsohon direba ya ce, "Kun je wurin Kaka ta bakin kasuwa? Ta haura casa'in. Ƙafa ta ƙi, amma kai yana nan daram."

Suka ɗauki Goggo suka tafi. Kaka na kwance a kan gado kusa da taga. Jikarta ta tayar da ita zaune. Auta ta riƙa miƙa mata hotuna ɗaya ɗaya.

"Ban san ta ba," in ji Kaka. "Wannan ma. Wannan kuwa baƙuwa ce."

Haka har ya zama saura biyu. Auta ta miƙa na shida.

Kaka ta kawo shi dab da idonta. Sai ta yi murmushi, ta kira wani suna. Sunan da ke bayan ambulan ɗin mahaifiyar Goggo ne, ba kuskure.

"Ƙawata ce," in ji Kaka. "Ɗankwalin da ke kanta ma nawa ne. Ara ta yi ranar, don nata ya koɗe. Mai hoton ya ce ta daina dariya, ta kasa."

Goggo ta karɓi hoton da hannu biyu. Wata budurwa ce siririya, tana ƙoƙarin ɓoye dariya. Goggo ta zuba mata ido. Hawaye na zuba, amma fuskarta cike da fara'a.

"Ashe yarinya ce ƙarama," in ji ta. "Inna, sannu. Ni ce 'yarki."

Babu wanda bai yi hawaye ba a ɗakin, har da Malama.

A hanyar gida Malama ta dafa kafaɗar Auta. "To, me kika koya?"

"Ba duk abin da ya tsufa ne shara ba," in ji Auta. "Kuma in zan taimaka, in fara tambaya tukuna."

"Madalla. Matambayi ba ya ɓata."

Goggo ta bar wa ƙungiya hoton, aka wanke mata sabo ta rataye a shagonta. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ta nuna masa, ta ce, "Zo ka ga mahaifiyata."