Rokar Marigayi Alwyn Kuchel

Da hantsi Misis Beryl Kuchel ta kira ofishin 'yan sanda na garin Kimba: an sace rokar mijinta marigayi. Rokar wasa ce ta kwali, tsawon kamu ɗaya, wadda Alwyn ya haɗa tun yana saurayi, bai taɓa harba ta ba don tsoron kada ta ɓace. Gobarar daji ta cinye musu gida har da hotuna. Rokar nan kaɗai ta rage mata daga aikin hannunsa.

Sufeto Trevor Haddow ya je da kansa. Yana yaro ya sha tsayawa a gonar alkama, baki sake, yana kallon rokokin su Alwyn, kuma har yau yana kewar kwanakin.

A rumfar aikin Alwyn, inda ake ajiye rokar, ɓarawon bai taɓa injin walda mai tsada ba. Kan tebur kuwa ga tsohuwar robar da ke riƙe lemar da ke sauko da rokar a hankali, ta bushe, an yanke ta tsaf. Ikon Allah, ɓarawo mai gyaran kaya! Ba mai canza robar nan sai wanda zai harba.

A bayan gari ya tarar da tabon ƙuna a wata gonar alkama da aka girbe, warin albarushi bai gushe ba.

Ya zarce gidan Clarrie Nitschke, abokin Alwyn tun firamare, wanda suke harba rokoki tare. Tsohon ya rantse ciwon gwiwa ya hana shi fita jiya, ya miƙo shayi.

"Gam ɗin da ke yatsunka fa?" in ji Haddow.

"Takalmi na liƙa."

"Ƙaiƙayin alkama a safarka?"

Clarrie ya ajiye kofin. "Tun kana da majina kake da sa ido, Trevor."

Sai ya amsa laifinsa. Shekara da shekaru yana yi wa Alwyn gorin ragwanci kan ƙin harba rokar, har mutumin ya mutu. Jiya ya ɗauke ta, ya sa mata inji mai ƙarfi, ya harba. Lema ta buɗe, iska ta ja ta can cikin wani tafkin gishiri, inda ƙafa ba ta shiga.

Ana saka shi a mota Beryl ta iso. Haddow ya gaya mata rokar ba za ta dawo ba. Ta leƙa tagar motar.

"Ta tashi sak?"

"Sak, Beryl. Har na daina ganinta."

"Mugu," ta ce, tana share ido. "Da ka kira ni."