Sunan Senan a Na'urar Ajiya

Ranar da Senan ya zo ofishin Papa Dossa a Cotonou don haɗa na'urar ajiyar fayil, Fifame ce ta buɗe masa ƙofa. 'Yar mai ofishin ce, a hannunta taswirorin filayen da mahaifinta ke aunawa suke. Senan ya raba wa ma'aikata kalmar sirri, kowa da iyakar abin da zai buɗe.

"Ni ina tawa iyakar?" ta tambaye shi.

"Ke kam ban iya yi miki iyaka ba," ya ce, ya sunkuyar da kai.

Wata huɗu suna cin amiwo, jan tuwon masara, tare da rana. Gildas, magatakardan Papa, wanda ya daɗe yana sonta, yana gefe. Ido kawai yake bin su da shi.

Sai taswirar filin wata tsohuwa ta canza a na'ura, rabin gidanta ya faɗa cikin filin wani attajiri. Aka shafa wa katangarta jan fenti, za a rushe. Na'ura ta nuna sunan Senan a matsayin wanda ya canza taswirar.

"In ƙafarsa ta sake taka nan, 'yan sanda za su raka shi," in ji Papa.

Kwana uku Fifame ba ta ɗaga wayarsa ba. Sai saƙonsa ya shigo:

"Fifa tawa, ban taɓa ba. An saci kalmar sirrina ne. Na'urar tana rubuta kwamfutar da aka shiga da ita. Ki duba, amma kada ki duba ke kaɗai."

Ba ta jira kowa ba. Da ma'aikata suka fita cin abinci ta buɗe na'urar. Kwamfutar Gildas ce.

Ta ji an turo ƙofa a hankali, an murza makulli.

"Me kike nema, ƙanwata?" in ji Gildas, yana murmushi.

Ta danna maɓallin buga shaidar a takarda. A ofishin Papa, bayan bango, injin buga takarda ya fara aiki. Suka ji an ja kujera, sannan takun Papa.

Gildas ya fice ta baya. Har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

Gidan tsohuwa ya tsira. Papa da kansa ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya je ba Senan haƙuri.

Ranar aure Papa ya haɗa hannayensu.

"Shekara tara ina cin abinci da maciji, na kori ɗan halak. Ɗana, ga ta nan. Allah ya tsare muku gida."

"Amin, Papa," in ji Fifame, ta ƙara damƙe hannun mijinta.