Dabino Uku na Uwar Mage

Bayan la'asar ranar Alhamis, cikin zafin watan Yuli na 1965, aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawa a unguwar Rusaifa da ke Makka.

Sufeto Mukhtaru aka tura, domin shi kaɗai ke jin Hausa a ofishin. A Makka aka haife shi, amma a hannun kakarsa Bakatsiniya ya tashi. Ya ɗauki Kofur Hadi, wani Balarabe mutumin Ɗa'ifa, suka shiga jif.

Gidan yana ƙarshen unguwa, jikin dutse. Katanga ce ta duwatsu da fasassun gwangwanaye, sai rumfa da ɗaki ɗaya. Kowa ya san shi da Gidan Mage. Shekara goma sha biyu Hajiya Zinariya tana tsinto maguna a kwararo: wadda mota ta take, wadda aka watsa wa ruwan zafi, jariran da aka zuba a bola. Ita kanta ba ta da komai. Yawo take yi wurin mahauta da gidajen suna tana roƙa musu sadaka, tana tuna wa mutane matar da ta shiga wuta saboda mage. Masu tausayi sukan ajiye kwanon abinci a ƙofarta da sassafe. Sauran su ce mata Uwar Mage, su yi dariya.

Tana kwance kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta dunƙule kamar mai jin sanyi. Maguna tara sun mutu a kewayenta. Waɗanda suka rage sun haye katanga suna kallo.

Sufeto ya durƙusa ya sunsuna. Warin tafarnuwa.

"Maganin ɓera," in ji shi. "Baƙin nan da ake sayarwa a kasuwa, shi ke wannan warin."

A bakin ƙofa maza biyu suna riƙe da wata mata mai kimanin shekara arba'in. Sun ce a bayan dutse suka kamo ta tana gudu.

"Sunanki?"

"Shatu, ranka ya daɗe."

"Me ya haɗa ki da gidan nan?"

"Taya ta nake yi. Shara, wanke kwanuka."

"Ina kike da safe?"

"Ban zo ba. Yau ban zo ba sam, sai yanzu."

"Iƙama?"

Ta sunkuyar da kai. Ba ta da takardar zama.

Ana cikin haka wani mutum ya kutso cikin taron, da jallabiya fara ƙal. Aka ce Yunus ne, ɗanta tilo, tela a layin teloli na Jarwal. Ya tsaya a kan gawar.

"Ba zai yiwu ba," ya ce. "Yau Alhamis. Tana azumi!"

Sannan ya juya ya nuna Shatu. "Wannan ce. Ita ke shiga, ita ke fita. Ba zan yafe jinin uwata ba."

Aka sa Shatu a mota. Kafin su tashi Sufeto ya sa Hadi ya bincike gidan. Hadi ya dawo yana karkaɗe hannu.

"Babu kwanon da aka zuba gubar, ya Sidi," in ji shi, wato yallaɓai da Larabci. "Tukunya ɗaya ce a gidan, busasshiya, har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki."

Washegari da safe rahoton likita ya iso. Dafaffiyar hanta ce a cikin tsohuwar da cikin magunan, haɗe da gubar. Ta ci da sassafe, ta yi ta aiki a hankali har azahar.

Shugaban ofis bai so dogon zance ba. "Mace ba takarda, ta gudu, ta yi ƙarya, ɗan mamaciya yana neman jini. Gobe Asabar fayil ya tafi gaban alƙali."

Sufeto ya san abin da ke bayan wannan. Takobi ne, hukuncin kisa.

Ya sa aka fito da Shatu. Ya kori Hadi waje, ya tura mata kofin shayi, ya yi mata Hausar kakarsa.

"Yaya Shatu, ƙarya ba za ta fisshe ki ba. Gobe wuyanki ne. Kin zo da safe ko ba ki zo ba?"

Ta ɗauki kofin. "Na zo. Tsoro ne. Na ce in na faɗa, jirgin ruwa za a sa ni, ba ni da kowa a gida."

"Me kika tarar?"

"Kwanuka a ƙofa. Kullum shida ne. Jiya bakwai."

"Na bakwan fa?"

"Tsohuwar tasa ce ta tagulla, da lotsawa a baki. Hanta ce a ciki, har da romo. Da Hajiya ta gan ta sai ta zauna a ƙasa ta yi ta dariya tana hawaye. Na ce ta wace ce, ta ce ba ruwana."

"Ta ci?"

"Ai dole. Ba ta ba mage abin da ba ta ɗanɗana ba. Cewa take yi baƙi ne, ba a ba baƙo abin da mai gida bai sa a baki ba. Jiya kuwa ba ɗanɗano ta yi ba, ci ta yi. Ta yi mini tayi, na ce ina azumi."

"Ita ba ta azumin Alhamis?"

"Da tana yi. Tun bayan aikin Hajji ta bari, jiri ke kayar da ita. Kowa a unguwa ya sani."

Sufeto ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashi.

"Ina tasar take?"

Shatu ta dube shi kamar ya tambaye ta ina alƙibla. "An mayar mana. Kai ba ɗan Hausawa ba ne? Ana riƙe kwanon mutane? Kuma ba ya komawa wofi. Duk wanda ya kawo sadaka, Hajiya za ta wanke kwanonsa ta sa dabino uku. Ni nake rabawa. Amma wannan ta ce ita za ta kai da kanta. Har mayafinta na Sallah ta ɗauko."

Sufeto ya tuna kakarsa, yadda takan jefa ko ƙwayar goro ce a kwanon maƙwabta kafin ta mayar. Ya miƙe.

"Hadi! Ba guba za mu nema ba. Dabino za mu nema."

Hadi bai gane ba, amma ya tayar da mota.

Hanyar da ta fita daga Gidan Mage ta bi ta gaban rumfar Ɗanjuma mahauci. Suka same shi yana wasa wuƙa.

"Kana cikin masu ba magunan sadaka?"

"Huhu da hanji, ranka ya daɗe. Ɗanye. Ni ban taɓa dafa wa mage abinci ba, ko matata ba ta samu wannan gatan ba."

"Ka ga Hajiya jiya?"

"Ban gan ta ba."

"Rumfarka tana kallon hanya. Tsohuwa ta wuce da mayafin Sallah ranar da ba Sallah ba, ba ka gani ba?"

Ɗanjuma ya ci gaba da wasa wuƙar.

"To rufe rumfar. Hanta ce ta kashe ta, kai ne mai nama mafi kusa."

Wuƙar ta tsaya. "Wallahi ruwa kawai na ba ta! Shi ya sa na yi shiru, kada a ce a ruwan ne. Da hantsi ta zo, tana gumi, tana dafe ciki. Ta zauna nan kan benci. Na ce, Uwar Mage, yau kuma wane ango aka samu? Ta ce, Ɗanjuma, rufe bakinka, yau zuciyar da na yi shekara goma ina roƙo ta yi laushi."

"Tana riƙe da wani abu?"

"Tasa, a ƙunshe cikin mayafi."

"Ina ta nufa?"

"Jarwal. Na ce ta jira zafi ya sauka, ta ƙi."

Suka koma mota. Hadi ya kama hanyar Jarwal.

Shagon Yunus a rufe yake, yana gida wurin zaman makoki. A gefen ƙofar wata dattijuwa ta shimfiɗa buhu tana sayar da alkamar da alhazai ke saya su watsa wa tattabarun Harami. Sunanta Baraka, ana ce mata Hala, wato inna.

"Hala Baraka, jiya wata tsohuwa ta zo shagon nan?"

"Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Ta tarar ba ya nan. Tun safe bai buɗe ba, abin da bai taɓa yi ba. Ta jira har ta gaji, ta bar mini saƙo."

Ta ɗaga gefen buhun. Tasar tagulla ce mai lotsawa a baki, an wanke ta tas. Dabino uku a ciki.

"Ta ce tasarsa ce?"

"Ta ce tasar aurenta ce, da ita ta taka ƙasa tun daga Katsina. Ita ta ba shi ranar da ya yi aure. Akwai kuma maganar da ta ce in gaya masa."

Baraka ta faɗi maganar. Sufeto ya rufe littafinsa bai rubuta ba.

"Gobe da safe za ki maimaita ta a gabansa."

Ranar Asabar da hantsi aka kawo Yunus Gidan Mage, wai zai sa hannu a karɓi kayan mamaciya. Shatu tana tsaye gefe da ankwa, Hadi na riƙe da ita. Magunan da suka rage, goma sha wani abu, sun rame cikin kwana biyu. Tun ranar Alhamis babu wanda ya ajiye kwano a ƙofar.

"Malam Yunus, yaushe rabonka da gidan nan?"

"Tun azumi. Ba na shiri da wari."

"Ranar Alhamis da ka ga gawar, me ka fara cewa?"

"Ban tuna ba. Hankalina ba ya jikina."

"Ni na tuna. Ka ce, tana azumi. A lokacin babu wanda ya ce ta ci wani abu. Likita bai duba ta ba. Tsohuwa ce, zafi ma yana kisa. Me ya kawo azumi a bakinka?"

"Na ga magunan a mace, na yi tunani..."

"Ka yi tunani tun kafin ranar. Ka san ba ta ba su abin da ba ta ɗanɗana ba, shi ya sa ka zaɓi Alhamis. Abin da ba ka sani ba, ta bar azumin tun bayan Hajji. Mahauci ya sani. Mai shara ta sani. Kai ne kaɗai ba ka sani ba."

"Ƙarya ne! Wannan matar ce ta..."

Sufeto ya buɗe ƙyallen da ke hannunsa, ya ajiye tasar a kan tabarmar da tsohuwar ta mutu.

Yunus ya kalli tasar. Ya kalli dabinon. Ya zauna a ƙasa da farar jallabiyarsa.

"Na ɗauka duk tasa tasa ce," ya ce a hankali. "Na manta tata ce."

"Ita ba ta manta ba."

"Magunan nake nufi. Wallahi magunan kawai." Ya dafe kai. "Na gina mata ɗaki a gidana, da fanka. Shekara uku yana rufe. Ta ce wa zai ba su abinci? A kasuwa ɗan Uwar Mage ake ce mini. 'Ya'yana in sun fita, kukan mage ake yi musu. Na ce in sun mutu za ta dawo gida. Da hannuna na dafa, na ajiye bayan sallar asuba, na tafi Harami na zauna."

"Sannan ka nuna Shatu. Ka nemi jininta."

Yunus ya kau da kai.

Sufeto ya yi wa Hadi alama. Aka cire ankwar daga hannun Shatu aka maƙala a na Yunus. Hadi ya matso ya yi raɗa.

"Ita fa, ya Sidi? Iƙamarta?"

"An aiko ni binciken kisa. Rubuta: mai shaida, an sallame ta." Ya juya wurin Shatu. "Ɗanjuma zai kawo huhu anjima, na yi masa magana. Kwanona ma zai zo gobe. Ki ɗaure ƙofar nan da kyau."

Shatu ba ta yi godiya ba. Ta wuce ta ɗauki tsintsiya, magunan suka fara saukowa daga katanga ɗaya bayan ɗaya.

An kai Yunus bakin ƙofa ke nan Baraka ta sha gabansa.

"Dakata, ɗana. Amana ce, sai na sauke."

"Hala, don Allah..."

"Ta ce in gaya maka ta gode. Ta ce Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Ta ce hantar ta yi daɗi, ta ci da yawa." Baraka ta goge ido da bakin mayafi. "Amma wai in za ka sake kawowa, ka rage tafarnuwa. Yaranta, magunan, ba su saba da ita ba."

Ta kwashe dabinon uku daga tasar, ta buɗe tafin hannunsa da ke cikin ankwa, ta zuba, ta rufe masa yatsu.

Har aka sa shi a jif bai buɗe hannun ba.