Ƙofar da Ta Rasa Ɗaya

Wata tsohuwa ce ta kawo masa aikin har shago: lambobin tagulla na ƙofa goma sha shida, a kafa su kafin duhu. Ta ce kada ya kawo 8, kada ya kawo 9.

A gida ya zauna ya ƙirga: lambar 1 guda tara aikin zai ci. Matarsa, malamar lissafi ce, ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Maigida, wanda ba shi da 8 da 9, daga 7 sai ya rubuta 10. Ƙirgar takwas-takwas ke nan. Goma za ka ɗauka."

"Malama, nan ba aji ba ne," ya ce, a gaban ƙanwarta. "Tun kina goye nake kafa lamba."

 Ta dai miƙo masa rigar aikinsa.

Rana na faɗuwa ya isa gidan tsohuwar. Dogon lungu ne, ƙofofi jere, sai warin danshi da tsohuwar toka. Tsohuwar na biye da shi. Takun mutum ɗaya yake ji.

Ya kafa 7. A ƙofa ta gaba ta raɗa masa, "Ɗaya da sifili."

Abin da Malama ta faɗa ke nan. Ya kafa.

11 ta ci biyu. Jakar ta fara sauƙi. A ƙofar 17 ya zazzage ta ƙasa. Ga 7, babu 1.

Bayan ƙofar wani abu na numfashi.

"Iya, gobe zan kawo."

"Mai ɗakin nan ba ya kwana babu lambarsa, ɗan nan. In bai gane ƙofarsa ba, taka zai nema."

Ya tuna matarsa, ita kaɗai da jariri.

Tsohuwar ta kama wuyan hannunsa. Sanyi kamar ƙarfe. Yatsu huɗu.

"Amma ga ɗaya nan," ta ce, tana shafa manuniyarsa. "Goma gare ka. Sun yi yawa."

Mariƙin ƙofar ya fara juyawa.

Ɗaya hannun ya faɗa aljihun rigar aikin yana neman ko mene ne. Ya taɓo tagulla. Siririya, doguwa: 1 ce.

Bugu uku, ta kafu. Numfashin ya tsaya.

Bai san yadda ya kafa 20 ba. Gudumar ma can ya bar ta.

A bakin ɗakinsu ya ja ya tsaya. 12 ce lambarsu. Yanzu 2 kaɗai, da ramukan ƙusa a gefe, inda aka ciro ta aljihunsa.

Matarsa ta buɗe, jariri a kafaɗa.

"Tara ya isa, Maigida?"

Ƙafafunta kawai ya iya duba.

Tun ranar, kowane aiki sai ya kai mata ta ƙirga. Ƙofarsu kuwa har yau 2 take. Duk 1 da ya kafa a wurin, kafin safiya an zare ta, ƙusoshin a jere a ƙasa.