Wadda Ta Raba Gida Uku

"Rauta mafi tsada nake so," in ji Zaidu, yana shiga shagon kayan intanet a kasuwar Yelwa.

Budurwar da ke bayan kanta ta ɗago ido. "Mi za ka yi da ita? Su wa ke gidan?"

Ya daburce, ya lissafo: Baba da cinikin kifinsa, Inna, ƙanne bakwai, ga baƙi kullum. Gidan yana Ngaski, bakin ruwa, sabis ɗin gidan ba ƙarfi, wani lokaci sai an hau tudu.

Sunanta Fiddausi. Ta ce modem shi ke jawo sabis daga waje, don haka a sayi mai eriya a kafa bisa rufi. Rauta kuwa ita ke rabawa cikin gida. "Ɗauki wagga. Ba ta kai waccan tsada ba, amma tana raba layi uku: na manya, na yara, na baƙi."

Zaidu bai ji rabin bayanin ba. Kallonta yake.

Ita ta je ta haɗa. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malamata, sabis ya zauna. Ni ne dai na kasa zama."

"Yi wa kanka irin na rauta: a kashe, a sake kunnawa," ta amsa.

Wata huɗu suna haka, har ya kai maganar aure gida. Inna Tamada ta ɗaure fuska.

"Da kunnena na ji tana ce maka a raba gidan nan uku. Tun ba ta shigo ba ke nan. In ta shigo fa?"

Zaidu ya yi bayani har ya gaji. Ya rubuta wa Fiddausi: "Hasken idona, Inna ta ƙi. Na rasa yadda zan yi."

Kwana biyu ba amsa, ya ɗauka ta haƙura da shi. Rana ta uku sai ga ta da ƙanwar mahaifiyarta. Ta durƙusa ta gaida Inna.

"Inna, da can in kina wayar bidiyo da ɗiyarki Anti Altine ta Kano, hoton na tsayawa?"

"Kullum, muddin yaran nan na kallon ƙwallo."

"Yanzu fa?"

Inna ta dubi wayarta. Jiya ma ta ga jikanta a ciki yana rarrafe, tun daga tabarma har ƙofa, hoton bai yanke ba.

"Shi ne rabon da na yi, Inna. Na ware maku hanyarku, kada kowa ya tare."

Inna ta miƙa mata hannu. Sannan ta ce, "Tashi daga ƙasa, ɗiyata. Kin ci abinci?"

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Inna ta riƙe hannunta ta sa cikin na Zaidu.

"Na so in yi maka asara, Allah bai nufa ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Fiddausi ta amsa da amin a cikin lulluɓi, ta ƙara matse hannun mijinta.